Kifi nawa ne a tafkin nan? Yadda ake ƙirga abin da ba ya tsayawa a ƙirga shi

Ka taɓa lura da yadda lamba ke kashe gardama a soshiyal midiya? Ana tsaka da musu a kwamen, kowa na tada jijiyar wuya, sai wani ya jefo "ai mutum miliyan kaza ne", shi ke nan kowa ya yi tsit. Kafin la'asar an ɗauki hoton maganar an watsa a guruf-guruf na WhatsApp, washegari ta zama hujja. Da wuya ka ga wanda ya tsaya ya ce, "Malam, wa ya ƙirga, kuma ta yaya?"

To yau wannan tambayar za mu bi. Akwai wata tsohuwar dabara da masana ke amfani da ita wajen gano yawan abin da ba zai taɓa jeruwa a layi ba, irin su kifi a ruwa, tsuntsaye a sama, karnukan unguwa, har da mutanen da aka kashe a yaƙi ba a rubuta sunayensu ba. Lissafinta bai fi ƙarfin ɗan aji ɗaya na sakandare ba. In ka gane ta, ba kowace lamba ce za ta sake ruɗar ka ba.

Mu fara da tafki

A ce akwai tafki a bayan garinku, aka ce ka faɗi yawan tarwaɗar da ke ciki. Ba za ka kwashe ruwan ba, kifin kuma ba zai amsa kiran suna ba. Ya za ka yi?

Ka samo masunta su jefa taru. A ce sun kamo 200. Kada a kai kasuwa. A saka wa kowane ɗaya 'yar alama a jiki wadda ba za ta cutar da shi ba, a mayar da su ruwa. A bar su kwana biyu su sake, su gauraya da 'yan'uwansu. Sannan a sake jefa tarun. Wannan karon a ce an kamo 150, da aka duba sai aka ga 30 daga ciki suna ɗauke da alamar nan.

Nan ne wajen. Kifi 30 cikin 150 na nufin ɗaya cikin kowane biyar yana da alama. Idan kamu na biyu hoton tafkin ne gaba ɗaya, to a cikin tafkin ma ɗaya cikin biyar ne mai alama. Kai kuma ka san adadin masu alamar, tunda da hannunka ka saka: 200 ne. Idan 200 su ne kashi ɗaya cikin biyar, to duka kifin kimanin 1,000 ke nan.

A taƙaice: ka ninka kamun farko da kamu na biyu, ka raba da adadin masu alamar da suka sake faɗowa. Wato 200 sau 150, ya ba ka 30,000, a raba da 30, ya ba ka 1,000. Ba ka ga ko da rabin kifin da idonka ba, amma ka san kimanin yawansu.

Hausawa sun ce ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima. Wannan dabarar ta ɗan zarce ƙimar ido, don ita tana nuna maka hanyar da ta bi, kuma kowa zai iya bin sawun lissafin ya gano inda aka yi kuskure.

Daga ina ta fito?

A littattafai za ka ga ana kiran ta da sunan mutum biyu, Lincoln da Petersen. Shi Johannes Petersen masanin kifi ne ɗan ƙasar Denmak. A shekarun 1890 ya riƙa liƙa wa wani kifi mai faɗi kamar faifai alama mai kama da maɓallin riga, yana sakin su a mashigin ruwan Limfjord, yana jiran masunta su sake kamo su. Rahotonsa na 1896 shi ake yawan ambata.

Shi kuwa Frederick Lincoln ma'aikacin gwamnatin Amurka ne mai kula da sha'anin tsuntsaye. A lokacinsa ana saka wa agwagin daji zobe mai lamba a ƙafa, duk mafaraucin da ya harbo mai zobe sai ya aiko da bayanin. A 1930 Lincoln ya nuna cewa in ka san kaso nawa na masu zoben aka harbe, kuma ka san jimillar agwagin da mafarauta suka harbe a shekarar, za ka iya ƙiyasta yawan agwagin gaba ɗaya.

Tun kafin su ma, masanin lissafin nan na Faransa, Laplace, ya yi amfani da tunani makamancin wannan a kan mutane. Ana da rajistar haihuwa ta ƙasar, sai aka ƙirga mazauna wasu zaɓaɓɓun garuruwa aka ga mutum nawa ke fuskantar kowace haihuwa ɗaya. Da haka ya ƙiyasta cewa Faransa na da mutum kimanin miliyan 28 a 1802.

Gwada da wake a gida

Gani ya kori ji. Ka ari kwanon farin wake a kicin, amma ka nemi izini tukuna kar a ce mu muka sa ka. Ka ƙirgo ƙwaya 100 ka ɗiga musu maka, ka mayar cikin kwanon. Ka juya sosai. Wannan juyawar ba wasa ba ce, ita ce rabin aikin. Duk mai girki ta san sai an motsa miya kafin a ɗanɗana, in ba haka ba cokali zai yi maka ƙarya game da gishiri.

Yanzu ka rufe ido ka ɗebo. A ce ka samu ƙwaya 120, guda 8 masu maka. Lissafi: 100 sau 120, a raba da 8, ya ba ka 1,500.

Ka mayar, ka juya, ka sake ɗebo 120. Wataƙila wannan karon 6 za ka samu, lissafi ya ce 2,000. Ka sake, ka samu 10, lissafi ya ce 1,200. Ka ga abin da ya faru? Waken bai ƙaru ba, bai ragu ba, amma bambancin ƙwaya biyu kacal, sama ko ƙasa da 8, ya sa amsarka ta yi ta lilo tsakanin 1,200 da 2,000.

To ka ƙara ƙoƙari. Ka saka wa 300 alama, ka ɗebo 300. In ka samu 60 masu alama, amsa 1,500. In 58 ne, kimanin 1,552. In 62 ne, kimanin 1,452. Bambancin ƙwaya biyun nan dai, amma yanzu amsar ba ta yi nisa ba. Darasin shi ne, gwargwadon yawan masu alamar da suka dawo hannunka, gwargwadon ƙarfin amsarka. Shi ya sa masanin kirki ba ya cewa "1,500 ne cif". Cewa yake "tsakanin kaza da kaza, mafi kusa 1,500".

In kuma ka ɗebo ba ka samu ko ɗaya mai alama ba fa? Lissafi ya tsaya, don ba a rabawa da sifili. Wani masani mai suna Douglas Chapman ya kawo gyara a 1951: a ƙara ɗaya a kan kowace lamba cikin ukun kafin a yi lissafin, a ƙarshe a cire ɗaya. A misalinmu na farko, 101 sau 121, a raba da 9, a cire 1, ya ba ka kimanin 1,357. Gyaran yana rage zuzutawar da lissafin ke yi idan masu alamar da suka dawo 'yan kaɗan ne.

Inda gizo ke saƙa

Wake ba ya gudu, ba ya haihuwa, ba ya wayo. Dabba kuwa duk tana yi. Saboda haka dabarar na tsaye ne a kan wasu sharuɗɗa, kuma duk wanda ya karye, amsar za ta karkace.

Na farko, kada a samu shige da fice mai yawa tsakanin kamu biyun. In ka bari har damina ta sauka tafkin ya haɗe da kogi, ko kifin ya hayayyafa, to ba tafkin jiya kake ƙirgawa ba.

Na biyu, alamar ta zauna. In ta goge ko ta faɗi, za ka sake kama tsohon kamu ka ɗauka sabo ne. Masu alama za su yi ƙaranci a hannunka, lissafi ya ba ka adadin da ya fi gaskiya yawa. Haka in alamar ta sa dabbar ta fita daban har shaho ya fi saurin ganin ta.

Na uku, kowa ya zama yana da damar faɗawa tarko daidai da ɗan'uwansa. Nan halin dabba ke shigowa. Wata in ta sha da ƙyar sau ɗaya, ta gama da tarkonka har abada, wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu. Irin wannan na sa ka zuzuta adadin. Wata kuma ta gano akwai abinci a tarkon kuma ana sakin ta lafiya, sai ta mayar da shi gidan cin abinci, kullum ita ce a ciki. Masu binciken ɓeraye sun san wannan hali sarai. Shi kuma yana sa ka ga kamar dabbobin 'yan kaɗan ne, tunda fuskoki ɗaya kake ta gani.

Don haka masana na yau ba sa tsayawa a kamu biyu. Suna maimaitawa sau da yawa, su ba kowace dabba lambarta, sannan kwamfuta ta auna har da mutuwa, haihuwa, ƙaura da bambancin hali. Amma ƙashin bayan abin bai canja ba: a cikin waɗanda na gani yau, nawa ne na taɓa gani?

Alamar da Allah ya riga ya saka

Wa zai kama damisa ya shafa mata fenti? An yi sa'a ba a buƙata. Damisar Indiya mai ratsi-ratsi, kowace da zanenta, kamar yadda zanen yatsanka ya bambanta da na kowa. A shekarun 1990 wani masani ɗan Indiya, Ullas Karanth, ya riƙa ɗaure kyamarori a dajin Nagarahole, masu ɗaukar hoto da kansu in dabba ta gifta. Hoton farko shi ne kamu da saka alama, hoto na gaba shi ne sake kamawa.

Kafin nan da sawun ƙafa jami'ai ke ƙirga damisa a Indiya, kuma lambobin na da daɗin ji: ƙidayar 2002 ta ce 3,642. Sai ga shi wajen 2005 an tabbatar babu damisa ko ɗaya da ta rage a gandun dajin Sariska, mafarauta sun gama da su, alhali a takarda suna nan. Abin kunyar ya tilasta wa gwamnati sauya hanya. Da aka yi ƙidayar 2006 da kyamarori da wannan lissafi, sai aka samu 1,411. Lambar ba daɗi, amma ita ta sa aka tashi tsaye. Ƙiyasin 2022 ya kai 3,682.

Ka duba da kyau: 3,642 da 3,682 kusan ɗaya suke a ido. Bambancinsu shi ne hanyar da aka bi aka same su.

Nan kusa da mu ma ana amfani da irin wannan alama ta halitta. Raƙuman dawan yankin Kure, kimanin kilomita 60 daga Yamai, su ne ragowar irinsu a Afirka ta Yamma. A 1996 guda 49 kawai suka rage. Da hoton zanen jikinsu ake gane kowane ɗaya, ana ajiye masa kundinsa, kuma da haka aka bi ƙaruwarsu har suka haura 600.

Karnukan Ndjamena da yatsan ƙaninka

Kar ka ɗauka maganar ta masu son namun daji ce kawai. Ciwon haukan kare na kashe mutum kimanin 59,000 a duniya duk shekara, galibi a Afirka da Asiya, kuma yara na cikin waɗanda ya fi shafa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce in aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan wuri rigakafi, za a iya katse yaɗuwarsa. To kashi 70 na nawa? Wa ya san yawan karnukan birni?

A Ndjamena, babban birnin Chadi, an yi gangamin rigakafin karnuka a 2012 da 2013. Duk karen da aka yi wa allura sai a ɗaura masa abin wuya. Bayan nan ma'aikata su zaga unguwanni suna ƙirga karnukan da suka gani, masu abin wuya da marasa shi, a haɗa da tambayar gida-gida. Da haka aka gano an haura kashi 70 ɗin a shekarun biyu, kuma cutar ta ja baya ƙwarai a tsakanin karnukan birnin. Daga baya ta sake ɓullowa, binciken masana ya nuna daga wajen gari aka shigo da ita. Ka tuna sharaɗin shige da fice? Birni ba kwanon wake ba ne.

Kai ma ka san wani abu mai kama da wannan. Tawadar da masu rigakafin shan inna ke shafa wa yaro a ɗan ƙaramin yatsa ba ado ba ce. Bayan an gama zagaye, masu sa ido na bin gidaje da kasuwanni suna duba yatsun yara, don a san kaso nawa aka samu, kaso nawa aka tsallake.

In mutane ake nema

Mutum ba a sa masa zobe a ƙafa, amma yana barin suna a takarda. Sai jerin sunaye biyu su tsaya a matsayin kamu biyu.

Ga misali, na ƙirƙira ne don a gane. A ce wata annoba ta shiga ƙaramar hukuma. Asibiti na da sunayen mamata 400. Masu unguwanni sun tattara 300. Da aka gwama, mutum 200 sun fito a duka biyun. In ka haɗa ka cire maimaici, sunaye 500 ke hannu. Amma lissafinmu ya ce 400 sau 300, a raba da 200, wato 600. Ma'ana akwai kimanin mutum 100 da ba su shiga takardar kowa ba. Ba mu san sunansu ba, amma mun san akwai su.

Chandra Sekar da Edwards Deming sun yi irin wannan a 1949 a kusa da birnin Kolkata na Indiya, suka gwama rajistar hukuma da binciken gida-gida don gano haihuwa da mutuwar da ba a rubuta ba. Yau ƙasashe da dama na yin haka bayan ƙidayar jama'a: a koma wasu zaɓaɓɓun unguwanni a sake ƙirgawa daban, a ga wa aka tsallake. A Amurka, da duk kuɗinta da na'urorinta, irin wannan binciken ya nuna ƙidayar 2020 ta rage baƙaƙen fata da kashi 3.3 cikin 100, masu asali daga Latin Amurka da kusan kashi 5.

A ƙasar Peru abin ya fi taɓa zuciya. Bayan rikicin 1980 zuwa 2000 tsakanin gwamnati da 'yan tawaye, an daɗe ana cewa mutum kimanin 25,000 suka mutu. Hukumar gano gaskiya da sasantawa ta gwama jerin sunaye daga wurare daban-daban, a rahotonta na 2003 ta ƙiyasta 69,280. Kimanin uku cikin huɗu na mamatan masu magana da harshen Kecuwa ne da sauran harsunan asali, talakawan ƙauyukan kan duwatsu waɗanda mutuwarsu ba ta isa jaridun babban birni ba. Wasu masana sun ƙalubalanci adadin daga baya, kuma sun iya yin hakan ne saboda an baje hanyar lissafin a fili.

Nan ma akwai tarko. Wanda ke kusa da gari, mai ɗan hali, mai 'yan'uwa masu baki, shi ne zai shiga takardar asibiti kuma ya shiga ta mai unguwa. Na can cikin lungu ba zai shiga ko ɗaya ba. In haka ta faru, sunayen da suka zo ɗaya za su yi yawa, lissafi ya rage adadin gaskiya. Shi ya sa ake son jeri uku ko fiye, daga majiyoyin da ba sa kwafar juna.

Me ya shafe ka?

Rabon Najeriya da ƙidayar jama'a tun 2006, lokacin da aka samu mutum miliyan 140 da 'yan kai. Wadda aka shirya yi a 2023 an ɗage ta. Duk adadin da kake ji yau na yawan 'yan ƙasa hasashe ne da aka ɗora a kan tsohon harsashi. Da irin waɗannan lambobi ake tsara yawan azuzuwa, allurar rigakafi, gadajen asibiti da rabon kuɗi. Wanda ba a ƙirga ba, ba a yi kasafi da shi.

Kuma waɗanda suka fi wuyar ƙirgawa su ne suka fi buƙata: yaran da ke kwana a tasha, 'yan gudun hijirar da suka raɓe a gidajen dangi maimakon sansani, matan da suka rasu wajen haihuwa a gida, mutanen ƙauyen da aka kai wa hari inda babu sabis balle a ɗora a Facebook.

Saboda haka, ɗan'uwa, 'yar'uwa, in lamba ta sake biyowa ta wayarka, kafin ka danna tura, ka yi mata tambaya huɗu. Wa ya ƙirga? Ƙirgawa aka yi ɗaya bayan ɗaya, ko ƙiyasi ne, in ƙiyasi ne ta wace hanya? An faɗi "tsakanin kaza da kaza", ko an dunƙule lamba ɗaya kamar saukakkiya? Su wa wannan hanyar za ta iya tsallakewa? Ƙiyasi ba ƙarya ba ne, sau da yawa ma ya fi ƙirgen kai tsaye kusa da gaskiya, kamar yadda Sariska ta nuna. Matsalar ita ce lambar da ba ta da uwa ba ta da uba.

In kai ɗalibi ne mai neman abin da zai yi furojet a kai, ko a fannin halittu, lissafi, lafiyar al'umma ko aikin jarida, ga fili nan. Karnuka nawa ne ke yawo a unguwarku? 'Yan adaidaita nawa ke aiki a layinku, in ka rubuta lambobin da ka gani ranar Litinin ka gwama da na Laraba? Ba ka buƙatar tallafin ƙasar waje, littafi da biro da haƙuri sun isa ka fara.

Amma ka fara da waken. Ka yi gwajin sau biyar, ka rubuta amsoshin, sannan ka zauna ka ƙirga kwanon gaba ɗaya ka ga yadda ka kusanto. In ka gama, ka ware masu makan ka mayar wa Umma sauran wakenta.